Daga Rana Zuwa Rumbu: Yadda Ake Zaɓen Farantan Sola da Haɗa Su da Batura a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, bayan shanu da raƙuma da buhunan hatsi, zai ga wata haja wadda kakanninsa ba su san ta ba, wato farantan sola jingine a bakin shaguna, da batura jere a ƙasa. Haka zai gani a Gumel, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar Gumel. Ƙauyuka da yawa a wannan yanki layin lantarki bai kai gare su ba, inda ya kai kuwa wutar ba ta zama. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya fi ƙarfin masu ƙaramin ƙarfi, sai jama'a suka ƙara karkata ga rana.

Sai dai akwai wani kuka da aka saba ji daga bakin masu shagunan cajin waya da magidanta: an kashe kuɗi masu yawa, an yi 'yan watanni ana murna, kafin shekara ta zagayo batir ya daina riƙe caji. Mai kaya yakan ɗora laifin a kan ɗan kasuwa. Wani lokaci yana da gaskiya, domin akwai jabun kaya a kasuwa. Amma galibi laifin na lissafi ne da na haɗi. Lissafin kuwa bai wuce abin da ɗalibin sakandare ke koya a darasin fiziks ba.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1839 wani saurayi ɗan Faransa mai shekara 19, Edmond Becquerel, ya lura cewa haske yana iya haifar da lantarki a jikin wasu sinadarai. A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da nasa ƙarfin, bayanin da ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921. A 1954 masana uku a ɗakin binciken Bell na Amurka, wato Chapin da Fuller da Pearson, suka ƙera ƙwayar sola ta silikon wadda ke mayar da kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken rana ya zama lantarki. Farantan da ake sayarwa yau suna kaiwa kashi 20 ko fiye, farashinsu kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabo a wannan tarihi. A Jamhuriyar Nijar, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya rasu a 1991 kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana shugabantar ofishin binciken makamashin rana na ƙasar. A Sakkwato akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Jigawa kanta, a farkon shekarun 2000, gwamnatin jiha tare da wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund sun kafa sola a ƙauyuka uku, ciki har da Ahoto, don famfunan ruwa da makarantu da asibitoci da fitilun titi.

Kalmomi huɗu da ya kamata a fara sani

Lantarki a cikin waya kamar ruwa yake a cikin bututu. Matsin da ke tura shi ana auna shi da bolt, kamar tsayin tankin ruwa a bisa hasumiya. Yawan abin da ke kwarara ana auna shi da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato ƙarfin aiki a wannan lokaci. Idan kuma aka ninka wat da yawan awoyin da aka yi ana aiki sai a sami wat-awa, wato jimillar makamashin da aka ci. Ƙwan lantarki mai wat 5 da ya yi awa 6 a kunne ya ci wat-awa 30.

Tsarin sola yana da sassa huɗu. Akwai faranti, wanda masu sana'ar ke kira fanel, shi ne gona. Akwai batura, su ne rumbu. Akwai kwantirola, na'urar da ke tsakanin gona da rumbu tana kula da abin da ke shiga. Sannan akwai inbata, wadda ke mayar da lantarkin batir mai tafiya hanya ɗaya ya zama irin na layin gari mai bolt 230. Manomi ya san cewa babban rumbu da ƙaramar gona ba ya cika, ƙaramin rumbu da babban iyali kuma ba ya kai damina. Wannan shi ne tushen lissafin baki ɗaya, kuma iri ɗaya ne ga shago, da asibitin ƙauye, da kwale-kwalen masunci a fadamar Haɗeja.

Mataki na farko: a ƙidaya masu ci

Kuskuren farko shi ne zuwa kasuwa kafin a ɗauki biro. Alal misali, a ɗauka wani mai shago ne a wani ƙauye na Sule Tankarkar, yana son ƙwan lantarki 4 masu wat 5 na awa 6, wato wat-awa 120. Da fanka 2 masu wat 20 na awa 7, wato wat-awa 280. Da cajin waya 30, kowace kimanin wat-awa 10, wato 300. Da ƙaramin firji mai wat 50 wanda injinsa ke juyawa awa 10 a kwana, wato 500. Jimilla ta kama wat-awa 1,200 a kowace rana.

A lura, kayan da ke yin zafi, irin su dutsen guga da hita da rishon lantarki, kowannensu na cin wat 1,000 ko fiye. Guga ta awa ɗaya kaɗai za ta cinye kusan abin da shagon nan duka ke ci a kwana guda.

Mataki na biyu: girman rumbu

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, shi ne har yanzu ya fi yawa a kasuwannin yankin. Yana da ɗakuna 6, kowane da kimanin bolt 2, jimilla bolt 12. Yayin da ake jan wuta daga cikinsa, wani farin gishiri na dalma yana taruwa a kan allunansa; idan aka yi caji sai gishirin ya narke ya koma. Amma idan aka zuƙe batir ƙarƙaf, ko aka bar shi kwanaki bai cika ba, gishirin yakan sandare ya ƙi narkewa, wannan ɓangare na allon ya mutu ke nan. Saboda haka ƙa'ida ita ce kada a ci fiye da rabin abin da ke cikinsa. Batirin bolt 12 da ya huta yakan nuna kimanin 12.7 idan ya cika, ya nuna kimanin 12.1 idan ya kai rabi.

Bugu da ƙari, a watan Agusta akan yi kwana ɗaya ko biyu gari a lumshe. Don haka mai shagon nan ya tanadi abincin kwana biyu: 1,200 sau 2 ya ba da 2,400. Tun da rabi kawai za a ci, sai a ninka kuma, a sami wat-awa 4,800. Girman batir ana rubuta shi da amfiya-awa. Idan tsarin na bolt 24 ne, 4,800 a raba da 24 ya ba da amfiya-awa 200. Ke nan batura biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 sun wadatar.

Batirin mota bai dace da wannan aiki ba. An yi shi da allunan dalma sirara don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji. Na sola allunansa masu kauri ne, don ya jure cika da raguwa kullum. Akwai kuma batirin litiyam, wanda masanan da suka kafa harsashinsa, Goodenough da Whittingham da Yoshino, suka sami kyautar Nobel a 2019. Nau'insa mai ƙarfe da fosfet ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na cajinsa, yana kuma jure cika da raguwa sau dubbai. Ya fi tsada ranar saye, amma idan aka raba kuɗin da shekarun da zai yi, sau da yawa shi ne mai araha.

Zafi babban abokin gaban batir ne. Masu ƙera batirin dalma suna auna rayuwarsa a kan digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage rayuwar da rabi. A bazarar ƙasar Gumel, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano ko na kwantena. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da tagar shan iska ya fi kowane wuri dacewa da batura.

Mataki na uku: girman gona

A bayan kowane faranti akwai takarda mai ɗauke da lambobi. An samo su ne a ɗakin gwaji, da haske mai wat 1,000 a kowane murabba'in mita, farantin kuma yana kan digiri 25. A kan rufin kwano a Gagarawa abin ya sha bamban. Jikin faranti yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30, wato ya kai 65 ko 70 a tsakar ranar bazara. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage ƙarfinsa da kimanin kashi 0.4 cikin 100. Digiri 40 na ƙari ya ci kashi 16 ke nan. Abin da faranti ke so haske ne. Zafin rana cutar da shi yake yi. Idan aka haɗa da asarar ƙura, da ta waya, da ta cikin batir, abin da ke isa ga mai amfani bai fi kashi 70 cikin 100 ba.

Arewacin Jigawa yana cikin wuraren da suka fi samun rana a Nijeriya. Idan aka tara hasken yini guda, yakan yi daidai da kimanin awa 6 na cikakkiyar rana. Amma mai hankali yana lissafi da watan da ya fi rauni, na hadarin Agusta ko na hazon hunturu, ya ɗauki awa 5. Ke nan 1,200 a raba da 5, a sake rabawa da 0.7, ya ba da kimanin wat 343.

A nan mutane da yawa suke tsayawa, su sayi faranti ɗaya mai wat 350. Wannan zai ciyar da shagon, amma ba zai cika rumbu ba bayan kwana biyu na hadari, domin abin da ya noma yau shi za a cinye yau. Batirin dalma yana buƙatar caji da kwararar da ta kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Mai amfiya-awa 200 yana son amfiya 20, a kan bolt 28 da ake cajin tsarin bolt 24 da shi. 20 sau 28 ya ba da wat 560. Saboda haka wat 600 ne daidai, alal misali faranti 4 masu wat 150. Yawancin baturan da ke mutuwa da wuri yunwa ce ke kashe su: an sayi manyan batura, an tsuke hannu wajen faranti.

Mataki na huɗu: haɗin sarƙa da haɗin kafaɗa

Kowace ƙwayar silikon tana ba da kimanin rabin bolt. Faranti mai wat 150 yawanci ƙwaya 36 ne a jere. A takardarsa za a ga Vmp, wato matsin da yake aiki a kai, kimanin bolt 18; da Imp, kwararar aikinsa, kimanin amfiya 8.3, da Voc, matsinsa yayin da ba a jona masa komai ba, kimanin bolt 22, da Isc, kwararar da yake bayarwa idan aka haɗe wayoyinsa biyu, wadda ta ɗara Imp kaɗan.

Hanyar haɗi biyu ce. A haɗin sarƙa, ana ɗaukar wayar (+) ta wannan faranti a jona da (−) ta na gaba, kamar ayarin raƙuma, igiyar kowane a ɗaure da na gabansa. A nan bolt ne ke taruwa, amfiya ba ta canjawa. A haɗin kafaɗa kuwa, ana tara duk wayoyin (+) wuri ɗaya, duk (−) wuri ɗaya, kamar masu noman gayya kowa a kan kunyarsa. A nan amfiya ce ke taruwa, bolt ba ya canjawa.

Faranti huɗun nan suna da hanya uku. Idan aka yi musu haɗin kafaɗa duka, za a sami bolt 18 da amfiya 33. Wannan ba zai yi cajin batirin bolt 24 ba ko kaɗan, domin ruwa ba ya hawa tudu da kansa. Idan aka yi sarƙa biyu-biyu sannan aka haɗa su kafaɗa, za a sami bolt 36 da amfiya 16.6. Idan aka yi sarƙa ɗaya ta huɗu, za a sami bolt 72 da amfiya 8.3. Ƙarfin duka wat 600 ne a kan takarda, amma abin da zai isa batir ya danganta da kwantirola da waya.

Kowane haɗi da rauninsa. A cikin sarƙa, kwarara ɗaya ce ke bi ta kowace ƙwaya, don haka ayarin yana tafiya ne da takun raƙumin da ya fi gajiya. Inuwar reshen darbejiya, ko kashin tsuntsu, ko sandar eriya da ta faɗa kan 'yan ƙwayoyi, tana iya rage ƙarfin jeren gaba ɗaya. Masu ƙera farantai suna sanya wasu ƙananan na'urori masu suna dayod a akwatin baya, waɗanda ke ba lantarki hanyar kewaye ɓangaren da inuwa ta rufe. Suna rage asarar, ba sa kawar da ita. Har ila yau, kada a haɗa farantai masu amfiya daban-daban a sarƙa, ko masu bolt daban-daban a kafaɗa, domin ƙarami zai jawo babba ƙasa.

Mataki na biyar: zaɓen kwantirola

Faranti ba ya sanin batir ya cika. Idan aka jona su kai tsaye, kamar yadda wasu ke yi don tsimi, matsi zai hau ya wuce ƙima, ruwan batir ya tafasa ya ƙafe. Aikin kwantirola shi ne ta saki wuta sosai da safe, ta tsayar da matsi a kan kimanin bolt 14.4 ga kowane batirin bolt 12 har ya ƙoshi, sannan ta sauko kusan 13.7 ta riƙe shi a nan. Mai kyau tana da ma'aunin zafi, tana rage matsin kaɗan idan ɗaki ya yi zafi.

Iri biyu ake sayarwa. Wadda aka rubuta wa PWM makunni ce mai buɗewa da rufewa da sauri. Tana jawo matsin faranti ƙasa ya yi daidai da na batir, rarar ta tafi a banza. Wadda aka rubuta wa MPPT tana karɓar matsi mai yawa ta canja rarar ta zama ƙarin amfiya, kamar mai canjin kuɗi a bakin iyaka da ke karɓar manyan takardu ya ba da ƙanana masu yawa, darajar ba ta ragu ba sai ɗan ladansa.

Da haɗin biyu-biyu da PWM, amfiya 16.6 sau bolt 28 ya ba da wat 465 daga cikin 600. Asarar ba ta kai yadda take a kan takarda ba, domin a zafin ƙasar Gumel bolt 36 ɗin yakan sauko kusan 30 da kansa. Don haka a ƙaramin tsari, PWM mai kyau ba abin rainawa ba ce. Babbar asara tana ga wanda ya sayi babban faranti mai wat 300, mai Vmp kimanin bolt 32, ya jona shi da batirin bolt 12 ta PWM. Farantin yana ba da amfiya 9.4, sau bolt 14, wat 130 kawai. Ya biya kuɗin 300, ya karɓi ƙasa da rabi.

Ga mai MPPT, lamba biyu zai duba. Ta farko ita ce amfiyar da take iya bai wa batir: 600 a raba da 24 ya ba da 25, sai a sayi mai 30. Ta biyu ita ce iyakar matsin da take ɗauka. A nan da Voc ake lissafi: 22 sau 4 ya ba da 88. Matsin faranti kuma yana hawa idan akwai sanyi. Da sanyin safiyar Janairu, lokacin da ma'auni ke iya sauka kusan digiri 10, 88 ɗin zai kai kimanin 92. Kwantirola mai iyakar bolt 100 za ta ɗauka. Ranar da mai shago ya sami kuɗi ya ƙara faranti na biyar a sarƙar, matsin ya haura 110, na'urar ta ƙone ke nan.

Mataki na shida: waya, fis da tsarin jonawa

Waya tana da nata harajin. Turjiyar wayar jan ƙarfe ana samun ta ne da ninka 0.0175 da tsawon waya a mita, a raba da kaurinta a murabba'in milimita. Idan mita 10 ne daga rufi zuwa ɗaki, zuwa da dawowa mita 20 ke nan. Waya mai kauri 2.5, irin ta soket ɗin gida, tana da turjiyar om 0.14. Da amfiya 16.6 za a yi asarar bolt 2.3, wato fiye da kashi 6 cikin 100, da kusan wat 39 da ke zama zafi. Ƙa'ida ita ce kada asarar ta wuce kashi 3, don haka sai waya mai kauri 6. Amma da sarƙa ta huɗu, mai amfiya 8.3, wannan siririyar waya za ta ci ƙasa da wat 10. Idan kwarara ta ragu da rabi, asara tana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa manyan layukan lantarki ke tafiya da dubban bolt. A kuma yi hattara da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Idan aka kankare ta da wuƙa sai a ga fari.

Batirin amfiya-awa 200 yana iya sakin ɗaruruwan amfiya nan take idan wayoyinsa biyu suka haɗu, abin da ya isa ya tayar da gobara. Wajibi ne a sa fis a kan wayar (+), bai fi taƙi ɗaya daga kan batir ba, a kuma sa makunnin yankewa tsakanin farantai da kwantirola. Wajen jonawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola don ta gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24, sannan farantai. Wajen kwancewa, farantai ake fara cirewa. Inbata kuma kai tsaye ake jona ta da batir, da waya gajera mai kauri da nata fis.

Baturan da ke rumbu ɗaya su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Tsoho yana cinye sabo. Kada kuma a zari bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun da ke sarƙa don kunna wani abu; ɗaya zai yi ta yunwa, ɗaya ya yi ta ƙwarewa, duka biyun su lalace.

Ina faranti zai duba?

Gumel tana kimanin digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Yawancin shekara rana tana ratsawa ta kudu, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta take ɗan karkata arewa da tsakar rana. Saboda haka faranti ya dubi kudu, a karkace da digiri 12 zuwa 15. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, domin karkatar ce ke sa ruwan sama ya wanke shi. A bar tazarar aƙalla taƙi ɗaya tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. A ɗaure shi da ƙarfe da noti, saboda iskar farkon damina da ke yaye rufi, a kuma jona ƙarfen da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa.

Da hunturu, ƙura tana iya kwanciya ta tare wani kaso mai yawa na haske cikin 'yan kwanaki. Wanki da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi ne gyara mafi araha a duk tsarin. Batir mai ruwa a duba shi kowane wata, a ƙara masa tataccen ruwan tururi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin da ke ɓata shi. Yayin caji yana fitar da iskar haidirojin, wadda ke iya fashewa idan ta kai kashi 4 cikin 100 a ɗaki, don haka ba a kunna ashana ko taba kusa da shi.

Idan batir ya mutu

Mataccen batir guba ne. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Sanagal, sakamakon fasa tsofaffin batura a cikin gidaje don ciro dalma. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400. Dalmar batir ita ce wannan dalma. Kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a yi mazubi da kwankonsa. A mayar da shi a rufe ga dillalan da ke saye.

Raunin batir ne ya sa masana suka ƙera firjin allurar rigakafi mai aiki da sola ba tare da batir ba. Allurai da yawa suna buƙatar digiri 2 zuwa 8. Wannan firji yana daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe sanyi da dare. Haka famfon burtsatse na sola yake: tankinsa shi ne rumbunsa. Duk aikin da za a iya gamawa da rana, a gama shi da rana, a rage wa batir kaya.

Gwaji ga ɗalibai da malamai

Ana buƙatar ƙananan farantai biyu iri ɗaya masu wat 10 ko 20, da mitar auna bolt da amfiya. Da tsakar rana a auna Voc da Isc na kowane, a gwada da abin da ke takardarsa. A yi musu haɗin sarƙa a auna, a yi haɗin kafaɗa a auna. A rufe ƙwaya ɗaya da ganye a ga yadda amfiya ke faɗuwa. A auna Voc da ƙarfe 8 na safe, a sake aunawa da ƙarfe 1 na rana, a nemi dalilin bambancin. Daga ƙarshe a bar faranti ɗaya mako guda ba wanki da hunturu, ɗayan ana goge shi kullum, a rubuta Isc ɗinsu kowace rana. Ajin da ya yi wannan zai sami alƙaluman ƙurar garinsa da hannunsa.

Kammalawa

Tsarin lissafin ke nan: a ƙidaya wat-awa na yini, a fitar da girman batura, a fitar da girman farantan da za su ciyar su kuma cika, a zaɓi haɗin da ya dace da kwantirola, a auna waya, a sa fis. Ɗalibin da ya iya ninkawa da rabawa zai iya zama da mahaifinsa ko maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa, su yi wannan lissafi a takarda ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rabin awa da biro ya fi sayen sababbin batura kowace shekara.